Gabar wa?

Ni ne na yi laifin, ba Baba Tankari ba. Na fara da wannan ne domin har yau akan samu wani a Filinge ya ce tsufa ne ya sa ƙidaya ta kuɓuce wa dattijon. Ƙidaya ba ta taɓa kuɓuce masa ba. Ku da kuka shigo biro, wato ofishin nan namu, bana kuna tambayata dalilin da ya sa na hana a taɓa shafi na bakwai na littafin jagora, ga dalilin. Ba na jin zan manta da Talatar nan ta bazara da muka zura famfo cikin rijiya, ya tsaya yana reto a iska, mutanen gari guda suna kallonmu.

Bari in fara da aikin namu, saboda wanda bai san shi ba. Biron namu ƙarami ne. Ana kawo mana aikin sa famfo mai amfani da hasken rana a tsofaffin rijiyoyin siminti na ƙasar Kurfai. Kafin a sayo ko ƙusa, sai an gwada aikin duka cikin kwamfuta. Akwai manhaja ta kwaikwayo da injiniyoyi ke amfani da ita. Za ka ba ta zurfin ruwa, da tsayin shato, wato tankin da ke bisa ƙarafa, da nisan tiyo, da yawan mutane da bisashen da za su sha. Ita kuma sai ta kwaikwayi yini guda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta nuna irin famfon da zai iya da tsawon tiyo da waya da za a yanko daga Yamai. In ka ba ta gaskiya ta ba ka gaskiya. In ka ba ta ƙarya, ita ba ta san kunya ba, sai ta zana maka ƙaryar da launi mai kyau.

Ni ba injiniya ba ne. A aji huɗu na kwaleji na bar lakkwal, wato makarantar boko, ban ci jarrabawa ba. A wani shagon buga takardu a Yamai na koyi kwamfuta, na koya wa kaina rubuta ƙananan umarnin da ke sa ta yi aiki da kanta. Da na dawo gida, Injiniya Ramatu, shugabar bironmu, ta ɗauke ni ta ba ni aiki biyu. Na farko in gyara littafin jagora, wanda ke nuna wa sabon ma'aikaci yadda ake bi da manhajar mataki-mataki. Wanda ya riga ni a kujerar ya koma Yamai, ya bar 'yan shafuka, rabin bayanin yana takarda rabi ya tafi da shi cikin kansa. Na biyu in rubuta wani ɗan shiri da zai riƙa kwashe lambobi daga takardun awo yana zubawa cikin manhajar, ba sai mutum ya zauna yana bugawa ɗaya-ɗaya ba. Da na gama shi muka sa masa suna Jaki, tunda dako ne aikinsa.

Lambobin kuwa daga hannun Baba Tankari suke fitowa. Tsohon mahaƙin rijiya ne, gajere, mai faɗin ƙirji, ya yi shekaru yana shiga ƙasa tun kafin a haife ni. Na'urar auna zurfi guda ɗaya gare mu, kuma kullum tana wurin haƙar burtsatse. Don haka Baba ne ke zagaya ƙauyuka da igiya da dutse, ya zura har dutsen ya taɓa ruwa, ya jawo, ya auna jiƙaƙƙen wuri zuwa baki da gaba, wato ware hannuwa biyu. Sai ya rubuta cikin kaye, wato littafin rubutu, da manyan baƙaƙen da ya koya a makarantar yaƙi da jahilci. Kusa da kowace lamba yakan rubuta suna. Ni da na gani sai na ɗauka sunan mai gari ne ko wanda ya ba shi masauki.

Shi ya fara kirana Malam Danna, wai ba na komai sai danne-danne. In ya dawo daga daji yakan ajiye mini ɗan ƙullin aduwa ko magarya a kan tebur, ya ce in ba injin nawa shi ma ya taɓa.

A cikin tsohon tsarin da na gada, komai da Faransanci yake, ban da akwati ɗaya. Duk lokacin da aka zo wurin zurfi, sai aiki ya tsaya cik, wani ɗan akwati ya fito da Hausa: “Gabar wa?” Ba zai wuce ba sai ka sa lamba. Na duba littafin jagora, babu ko kalma a kansa. Sai na leƙa ta taga, Baba yana gindin dogon yaro yana gyaran igiya.

“Baba, injin na tambaya, wai gabar wa?”

“Wace rijiya?”

Na faɗa masa.

“Tawa ce. Mita guda da santi sittin da biyu. Ka gaishe shi.”

Rijiya ta biyu ma haka ya ce. Ta uku ma haka. Duk rijiyoyin kwari ne na kusa da gari, amma ban lura da hakan ba. Ban tambaye shi ta huɗu ba. Na ce a raina, amsa ɗaya ce kullum, mene ne na tsayar da Jaki a hanya? Na ɗaure lambar ta zauna dindindin, na cire akwatin. Layin sunayen nan kuma na ce wa Jaki ya riƙa tsallake shi. A shafi na bakwai na rubuta cewa gaba guda mita ɗaya ce da santi sittin da biyu. A wurin da muke rubuta kowane canji da dalilinsa kuma na sa: “An cire tambaya marar amfani.” Da hannuna na rubuta, da sunana a ƙasa.

Aikin da ke cin yini biyu ya koma kafin shayi ya tafasa an gama. Injiniya ta yaba mini a gaban kowa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Sai ga aikin wani ƙauye a bisa tudu, arewa da Filinge, inda ruwa ke da nisa. Da shanu suke jan guga, mata na kai tun hantsi har azahar a bakin rijiya. Kayen Baba ya ce gaba talatin, kusa da ita an rubuta Bawa. Jaki ya ɗauki talatin, ya bar Bawa, ya ce ruwa na mita arba'in da takwas da 'yan kai. Manhaja ta zaɓi famfo, ta ce a yanko tiyo mita hamsin da biyu. Aka yanko.

Ranar Talatar muka isa da hantsi. An riga an kafa shato da farantan rana. Mata sun jera bokitai da jarkoki, an kwance shanun jan ruwa an kai su inuwa, mai gari ya sa an shimfiɗa tabarmi. Masu haɗa kaya suka zura famfo har tiyo ya ƙare. Aka kunna. Sai jar fitila ta kama a jikin akwatin wuta, alamar famfo bai ga ruwa ba. Aka kashe, aka sake kunnawa. Ja.

Baba ya matso bakin rijiya. Ya zaro ɗan madubi daga aljihu, ya tari rana da shi, ya jefa hasken cikin rijiya. Muka leƙa. Ga famfo can yana reto, ga ruwa yana ƙyalli a ƙasa da shi, tsakaninsu ya fi tsayin ɗaki biyu.

Wata tsohuwa da ta leƙa tare da mu ta ɗago ta ce, “Injiniya, wanga famfo naku iska shika sha?”

Wata ta ce, “Ku miƙa mishi guga mana, shi jawo da kainai.”

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowa ya san ma'anarta: a mai da shanu bakin aiki.

Injiniya ta sa aka ɗaura dutse a awon mita na masu haɗa kaya, aka ƙara da igiya. Ruwa na mita hamsin da takwas da rabi. Ta dubi takardar da na buga, ta dube ni.

“Illiya, mita goma. Ina suka shiga?”

Nan ne na yi abin da ya fi cire akwatin muni. Na ɗaga murya yadda na bayan tabarma zai ji, na ce, “Injiniya, na'ura ba ta kuskure. Abin da aka ba ta shi take lissafawa. A tambayi wanda ya auna.”

Baba ya matso, madubin na hannunsa. A hankali ya ce, “Ɗana, ai na rubuta sunan Bawa.”

Ban ma fahimci abin da yake nufi ba. Na ce, “Duk abin da ka rubuta injin ya karanta, Baba.”

Ya tambayi mutanen gari ina Bawa, aka ce ya kora bisashe kasuwar Baleyara, sai wani mako. Sai Baba ya dubi tafin hannuwansa kamar na wani ne, ya ce, “To. Ke nan ƙidaya ce ta kuɓuce mini. Ku yi haƙuri, mutanen gari.” Ya cire hula ya ce da mai gari haka, a gaban matan da suka san shi tun suna 'yan mata.

Washegari Injiniya ta kira shi ofis. Ba ta yi masa faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta ce ya daina fita daji, ya zauna biro zuwa ƙarshen wata, daga nan ya huta. Ni kuma ta ce in sake duba lissafina.

Na duba a ranar, bayan la'asar. Na buɗe kayen Baba na bi layin sunayen. Rijiyoyin kwari duk Tankari ne a gefensu. Na tudu kuwa kowace da nata suna. Na raba hamsin da takwas da rabi gida talatin, ya ba ni kusan mita biyu. Na buɗe wurin canje-canje, ga rubutuna yana kallona: tambaya marar amfani. Na rufe komai, na je na ce wa Injiniya, “Na duba sau biyu, lissafi daidai yake.”

Kwana goma sha ɗaya na yi da wannan ƙaryar. Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Na ce Baba ai ya tsufa, ko ba yau ba zai huta. Na ce ni ba ni da takardar makaranta, in aka kore ni ina za ni. Na ce zan mai da akwatin a ɓoye, ba wanda zai sani. Ana nan maganar ta shiga gari. Mutanen da kan zo gindin dogon yaro neman shawararsa kan rijiyar da ta rufta ko ta ƙafe suka ɗauke ƙafa. Na ji da kunnena wani mai gyaran babur yana ce wa abokinsa ya ƙirga canjinsa da kyau kada ya yi na Tankari. Shi kuwa Baba kullum yana zuwa da safe, ya share gindin itacen, ya zauna da igiyar da ba mai aikensa da ita. Bai daina gaishe ni ba. Ya daina kirana Malam Danna dai, sai Illiya.

Rana ta goma sha ɗaya ya shigo ya tsaya gaban teburina, ya ajiye igiyarsa a naɗe da wani tsohon kaye wanda ban taɓa gani ba.

“Ga wannan. Tunda zan tafi, kada ta tafi da ni.”

Na buɗe. Sunaye ne, shafi bayan shafi, kowane da garinsa da lamba a gabansa. Na ce, “Baba, mene ne wannan?”

“Gabobin mutane ne. Ka san ba a jefa igiya rijiyar mutum yana tsaye. Kowace rijiya da mai ita, wanda ya haƙa ko ya gada. Na kwari ni na haƙa su, shi ya sa gabata ce. In na je, shi zai zura, shi zai auna da hannunsa, ni ƙidaya kawai nake. Kamar Bawa, sai ya gaida rijiyar tukuna ya yi abin da kakanninsa ke yi, sannan igiya ta shiga. In an gama sai in jingina mutum da bango, in sa alamar gawayi a ƙarshen kowane hannu, in auna da mita. Wanda ya riga ka yakan leƙo ta taga ya tambaye ni. Kai da ka daina tambaya, na ce lalle injin naka ya haddace su duka.” Ya yi 'yar dariya. “Na ce yaron nan ya fi mu kai.”

Na nemo Bawa a shafi. Mita ɗaya da santi casa'in da biyar.

“Ka zuba su cikin injin,” in ji shi. “Kuma wanda zai gaje ni, ka ce masa ya riƙa ƙidaya da ƙarfi, mutum biyu su ji. Ni shiru nake yi, shi ya cuce ni. Dare da rana ina sake ƙirga igiyar nan a kaina, talatin nake samu. Ban san inda shida suka ɓace mini ba.”

Wannan maganar ce ta karya ni. Na yi zaton sunansa kawai na ɓata a gari. Ashe har cikin kansa na shiga, na sa mutumin da ya yi rayuwarsa yana ƙidaya daidai ya daina yarda da kansa. Kuma ga shi ya kawo mini dukiyarsa da hannu biyu.

Na ɗauki kayen biyu da kwamfuta na shiga wurin Injiniya, na nuna mata layin da na rubuta. Ta karanta, ta cire tabarau.

“Cire akwatin kuskure ne, Illiya, kowa na yi. Ni ma na sa hannu a shafi na bakwai ban tambaya ba. Amma ‘na duba sau biyu’ fa?”

Na ce, “Ƙarya ce, Injiniya.”

“Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar Laraba ta farko.”

Ta ce ba za ta kore ni ba, amma wata uku ba abin da zai fita daga hannuna sai ta bi shi layi-layi. Na ce zan je in ba Baba haƙuri yanzu. Ta ce, “Ka gaya masa gaskiya yanzu, kada ya ƙara kwana da ita. Amma haƙuri, a ina ka kunyata shi? A nan ofis?” Na ce a'a. Ta ce, “To.”

Na fita na gaya masa a gindin itace. Ya saurara har na gama. Abin da ya fara tambaya shi ne, “Ke nan talatin ɗin daidai ne?” Na ce daidai ne. Ya ce, “Alhamdu lillahi,” ya sake cewa, ya share ido da bakin rawani. Sannan ya miƙo hannu ya ce in ba shi igiyarsa.

Kafin sabon tiyo da famfo mai ƙarfi su iso daga Yamai, na mai da akwatin. Yanzu Jaki ba ya wuce rijiya sai ya karanta sunan da ke gefen lamba, ya nemo gabar mutumin cikin jerin Baba. In bai san sunan ba, sai ya tsaya ya ƙi motsi, kamar jakin gaske. Shafi na bakwai kuma ni da Baba muka rubuta shi, yana faɗa ina bugawa, da Hausa da Faransanci, har da dalilin da ya sa ba a jefa igiya rijiyar mutum. Abin da na koya ke nan a wannan sana'a: in ka tarar da wani mataki da ba ka gane amfaninsa ba, ba shi ne marar amfani ba, kai ne ba ka tambaya ba tukuna. Kuma littafin jagora da ya faɗi yadda ake yi bai faɗi dalili ba, tarko ne aka ɗana wa na baya. Lambar da ke shiga kwamfutarmu daga hannun wani ta fito, kuma hannuwan mutane ba ɗaya ba ne.

Mako uku mutanen ƙauyen suka ƙara suna jan ruwa da shanu cikin zafin bazara saboda ni. Ranar da muka koma, Bawa yana nan. Da na gan shi na ga inda mita goman nan suka shiga: sai da ya sunkuya kafin ya shiga rumfar mai gari. Aka zura famfo, koriyar fitila ta kama, muka ji ruwa na hawa cikin tiyo yana gurnani har ya faɗa shato. Mata suka yi guɗa. Kafin a watse na roƙi mai gari ya ba ni magana.

Na sa Baba da Bawa suka tsaya baya da baya, suka ware hannuwa. Hannun Bawa ya wuce na Baba ta kowane gefe. Tsohuwar nan mai maganar iska ta ce, “Yo wagga ai gaba da ɗiyarta ce!” Wuri ya kaure da dariya, Baba ma har da riƙe ciki. Ya ce, “Malam Danna, ka sauke mu hakanan, kafaɗa na ciwo.”

Da na ji sunan nan na san ya riga ya yafe. Amma ba don a yafe mini kawai na zo ba, akwai abin da na ɗauka a wurin nan da ya kamata in mayar. Na cire hulata kamar yadda ya cire tasa, na durƙusa a gabansa, na ɗaga murya yadda na bayan tabarma zai ji.

Na ce, “Jama'a, ranar nan Baba ya ba ku haƙuri a kan laifin da ba nasa ba. Gaba talatin ya ƙirga, gaba talatin ce, ta Bawa. Ya rubuta sunan, ni na goge. Na gane tun washegari na yi shiru, ina kallonsa yana zargin kansa. Wahalar da kuka sha ta mako uku ni na ja muku. Baba, ka kira ni ɗanka na kunyata ka a gaban mutane. Ƙidayarka daidai take, tawa ce ta karkace. Ka yafe mini.”